Ni Na Hana Kaka Mazarƙwaila

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakanmu na wajen uba ya riga mu gidan gaskiya ana tsakiyar yankan rake, a gidansa da ke ƙauyenmu kan hanyar Tsiga. Ban taɓa ganin makokin da aka yi dariya kamar nasa ba, kuma rabin dariyar a kaina aka yi ta.

Ƙanensa, wanda ya yi masa wanka, shi ya fara. Ya shigo cikin gida gaishe da mata, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Allah shi jiƙan Yaya. Amma ni dai na ji haushi. Kafin in ɗaure mashi haɓa sai da na leƙa. Mutum ya girme ni, ya sha ciwo, an kai shi har bakin teku an gasa, ya tafi da haƙora fes kamar na ango. Ni ga ni lafiyata lau, nama sai an daka mani."

Masu kuka suka tsaya da kuka. Wata tsohuwa ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ai ga mai aikin nan zaune."

Wata baƙuwa da ta zo daga Ƙarfi ta juyo ta ƙare mini kallo. "Au, ita ce? Ita ce ta hana tsoho zaƙi? Ke yarinya, Allah shi yafe maki."

Na ce amin, don me zan ce? Sai kuma wata ta fashe da sabon kuka, tana cewa duk haihuwar da ta yi a garin nan, mazarƙwailar Kaka ce ta fara iso ta kafin barkar dangi, don a sa mata a kunun jego, kuma bai taɓa bari a ce daga gare shi take ba. Nan mata suka yi ta cewa su ma haka, su ma haka. Ashe kowace tana zaton ita kaɗai ake aika wa.

Tunda dai sunana ya fita a matsayin muguwar jika, gara in faɗi yadda aka yi, kafin ƴaƴana su girma su ji a bakin wasu. Kuma ba na so a manta da shi.

Kaka mai mazarƙwaila ne tun kafin a haifi Babana. Yana da fadamar rake, da injin matsa wanda wani tsohon doki ke juyawa, da babban kaskon ƙarfe inda ake dafa ruwan raken har ya yi kauri a zuba a ƴan kwanoni ya daskare. Da rani, ƙamshin wurin kan kai har bakin titi. Fatake daga Funtua sukan zo su kwasa, kuma ko a kasuwa aka jera ta mutum goma, ana gane tasa. Sirrin a harshensa yake. In dahuwa ta kusa, sai ya tsoma ɓawon rake, ya hura, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido. Kowa ya yi tsit, har mai korar doki. Sai ka ji ya ce "Saura," ko kuwa ya daka tsawa, "Sauke!" In ya ga tafasa ta yi ƙarfi yakan ce, "Ku ja itace, wuta ta yi yawa." Maganar nan ta bi bakinsa har gida. Ko mata ke faɗa a tsakar gida, ko maza ke gardamar iyakar gona, abin da zai ce ke nan, ya wuce abinsa.

Ni ce jikarsa ta fari, don haka tun ina goye nake amaryarsa. Akwai wasan nan na kaka da jika tsakaninmu, ni da shi babu abin da ba ma faɗa wa juna. Nakan ce masa tsoho mai ran ƙarfe, yakan ce ya gaji da auren ƙazama, gobe zai ba ni takardata. Lokacin da ciwon ya same shi na riga na yi aure har da ƴaƴa biyu, amma maigidana ya shiga soja an tafi da su, shi ya sa nake zaune a gida.

Wani ƙari ne ya fito masa a gefen wuya, ƙarƙashin muƙamuƙi. Aka yi na gida, aka yi shafe-shafe, abu sai ƙaruwa yake. Daga Malumfashi aka tura mu Zariya. A can suka ce ciwon daji ne, suka yanke abin da za su iya yankewa, suka ce sauran sai an gasa shi da wata na'ura, kuma na'urar sai Ikko, can bakin teku. Allah ya sa Kaka na da aboki, wani Bayarabe da ke sarin mazarƙwailarsa, wanda ya daɗe a Funtua har Hausarsa ta fi tawa. Danginsa na can, shi ya ce zai raka mu ya yi mana tafinta. Muka hau jirgin ƙasa mu huɗu: Kaka, abokin nasa, Babana, da ni mai dafa abinci.

Dole in yi bayanin Babana, don a kansa komai ya juya. Shi ne ɗan farin Kaka. Tunda aka haife shi Kaka bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya zama inuwa ɗaya da shi, ba sa haɗa ido. "Yaron nan" yake ce masa, alhali yaron nan furfura ta fara fito masa. A cikin jirgi ɗaya ya zauna a wannan ƙarshen tarago, ɗaya a wancan. Kaka zai ce mini, "Ce ma yaron nan shi sawo ruwa." In taka in je in faɗa. Baba zai ce, "Tambaye shi ko na sanyi." In dawo. Kafin mu isa Ikko ni na fi jirgin tafiya.

A asibiti, maimakon a kai shi wurin gashi, sai aka fara kai shi ɗakin likitan haƙori. Nan Kaka ya tubure.

"Wuya na kawo. Mi ya kai ku baki?"

Likitan ya yi dariya, ya zauna ya yi bayani, abokin Kaka na juya mana. Ya ce yawun da muke rainawa shi ne mai wanke haƙori dare da rana. Gashin nan kuwa zai busar da inda yawu ke fitowa. In babu yawu, duk abin zaƙin da ya shiga baki sai ya manne a gindin haƙori, ya cinye shi cikin ƴan watanni. Babbar matsalar kuma ita ce ƙashin muƙamuƙin da aka gasa ba ya warkewa kamar da. Haƙorin da ya ruɓe bayan gashi, cire shi haɗari ne, don ramin na iya ƙin rufewa har ƙashin ya lalace. Saboda haka za su cire duk masu rauni yanzu, su bar masu lafiya, a jira dasashi ya warke. Waɗanda aka bari kuwa, sai an yi tsaronsu har iyakar rai: a goge su da buroshi mai laushi, a kuskure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri da wata farar hoda bayan kowane abinci, a riƙa kurɓar ruwa, a riƙa zuwa Zariya ana dubawa. Sannan babu sukari, babu alewa, babu rake.

Abokin Kaka ya tsaya a nan, ya ƙi ƙarasawa.

Kaka ya ce, "Faɗi mana."

"Ya ce ko kana da wata sana'a? Na gaya mashi. Ya ce to, ita ce ta farko da za ka bari."

Daga nan likita ya tambaya wa zai riƙa duba cikin bakin kullum, don tabo in ya fara, mai shi ba ya gani. Ya dubi Babana, tunda shi ne namiji babba, ya yafito shi, ya ce ya matso a nuna masa. Baba ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki. Kaka ya datse baki gam, ya juya fuska bango. Likita ya ɗauka gaba suke yi, har ya fara yi musu nasiha a kan zumunci. Da ƙyar abokin Kaka ya fahimtar da shi cewa babu faɗa, kunya ce, kuma ko shekara za a yi a ɗakin nan wannan ɗa ba zai leƙa bakin wannan uba ba.

"To wa zai iya?"

Kaka ya nuna ni da yatsa ba tare da ya juyo ba. "Ga marar kunyar gidan nan."

Haka aka naɗa ni, babu shawara.

Duk wannan Kaka wasa ya ɗauke shi, sai ranar da muka ga wani mutum a ɗakin jinya. An naɗe masa haɓa da ƙyalle har saman kai, matarsa na ɗura masa koko ta gefen baki da ƙaramin cokali. Ita ta ba mu labari. An yi masa gashi, ya warke, ya koma gida. Haƙori ya dame shi, aka kira wanzami ya cire. Tun daga ranar ramin bai rufe ba. Kaka ya daɗe yana kallonsa. Da muka fito ya zauna a kan dakali, ya ce mini, ba da muryar wasa ba, "Amarya, duk abin da za ki yi ki yi. Kada ki bari a ɗaure mani haɓa tun ina da rai."

Na ce na yi alkawari. Ban san abin da na ɗauko wa kaina ba.

Aka yi gashi, muka dawo gida. Ƙarin ya tafi, amma bakin Kaka ya bushe ƙamas, in zai yi magana sai ya kurɓi ruwa. Tuwo ba ya wucewa sai da miyar kuɓewa ko karkashi. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da likitan Ikko bai sani ba shi ne dubiya.

A wurinmu ba a zuwa gaida marar lafiya hannu sake, kuma ana kawo masa abin da aka san yana so. Gari kuwa kaf ya san abin da Kaka ke so. Ga shi an ji labarin bakinsa ya bushe, kowa kuma maganin da ya sani ɗaya ne: a ba shi abu mai zaƙi ya riƙa tsotsa, yawu zai zo. Sai ga rake, ga dabino, ga alewa, ga nakiya, ga alkaki, ga kwalin sukari daga kantunan Funtua. Har da wanda ya sayo mazarƙwaila a kasuwa ya kawo wa mai mazarƙwaila, Kaka ya juya ta ya ce tasa ce ta bara. Ba a mayar da hannun kyauta, balle ta dubiya. Don haka na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa da babban kwando. Duk wanda ya zo in durƙusa, in karɓa hannu biyu, in yi godiya, in jefa a kwando, in ja faifai in rufe. Kaka na ciki yana bin kwandon da ido. Ba a yi mako ba samarin unguwa suka sa mini suna kwastan.

Babbar abokiyar gabata ita ce Gwaggo, ƙanwar Babana, wadda ke aure a Malumfashi. Ta zo da gorar zuma a ƙarƙashin mayafi, na tare ta a ƙofa, ta harare ni.

"Zuma magani ce, ke kin fi malamai sani ne?"

"Ban musa ba, Gwaggo. Amma likita ya ce har ita tana manne wa haƙori."

"Likita! Ke ɗiyar jiya, ni za ki hana in ba ubana abu? Ubana ne fa."

"Ubanki ne, amma mijina ne."

Kaka ya yi dariya har ya shaƙe, ya kurɓi ruwa ya ce, "Ku ja itace, wuta ta yi yawa." Gwaggo ta tafi da fushi, ta yi wata ba ta amsa gaisuwata.

Shi kansa gogan bai zauna haka ba. Na kama dabino a jakar carbinsa. Na kama alewa a cikin matashi. Wata rana da hantsi yana zaune a inuwa yana mini wa'azi a kan yadda mace ta gari ke yarda da mijinta, sai na ga layin kiyashi ya taso daga ƙasa, ya hau bayan rigarsa, ya bi wuya, ya shige ƙarƙashin hula. Na ce, "Kaka, cire hular nan." Ya ce sanyi yake ji. Rana kuwa ta take. Na fizge ta, sai ga gutsuren mazarƙwaila ya manne a tsakiyar sanƙo, ya fara narkewa. Ya dube ni ya ce wallahi bai san yadda aka yi ta hau can ba, kuma na saku, saki uku. A shekarar nan kaɗai ya sake ni ya fi a ƙirga, kullum kuma da safe zai buɗe mini baki in duba, yana ƙunƙuni.

Sai wata safiya na ga abin da nake tsoro. Wani ɗan tabo ruwan ƙasa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Mutumin nan mai ƙyalle ya dawo mini a ido. Ban yi wasa ba ranar. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa babba ba, ina yi ina kuka, na ce in yana so a ɗaure masa haɓa ya faɗa mini in huta. Washegari muka shiga mota sai Zariya. Allah ya taimake mu tabon bai yi zurfi ba, suka kankare suka cike, suka shafa masa magani.

A hanyar dawowa, muna bayan mota a kan buhuna, ya juyo ya dube ni. Can ya ce, "Amarya, kin san wani abu? Ba ni jin zaƙinta."

"Zaƙin me?"

"Mazarƙwailar. Tun da aka gasa ni, in na sa ta a baki kamar na sa toka. Kullum cewa nike ƙila yau ya dawo. Shi ya sa nike gwadawa."

Tausayinsa ya kama ni. Duk watannin nan ina zaton kwaɗayi nake yaƙi da shi, ashe mutum ne ke neman harshensa. Da muka isa gida ya shiga ɗaki ya fito mini da sauran ɓoyonsa da kansa. Akwai wanda ke cikin kube na wuƙa, wurin da ko a mafarki ba zan duba ba.

Daga ranar ya zama ya fi ni tsanani. Gorar ruwa ba ta barin kafaɗarsa. Ya haɗa kuskurar ruwan gishiri da lokutan salla don kada ya manta, har tsofaffin sahun gaba suka fara kwaikwayonsa, suna zaton wani sirri ne ya samo a Ikko. Ya koma wurin dahuwa, amma ya bar wa Baba ɗanɗano. Shi yakan tsaya ya saurari tafasa, ya dubi kumfa, ya ce mini, "Ce ma yaron nan shi gwada." Bai taɓa cewa ta yi ba. Iyakar yabonsa shi ne ya yi shiru.

Kayan kwandon nan kuwa, yawanci Gwaggo ke kwashewa in ta zo, wai kada a yi almubazzaranci. Ba a daɗe ba haƙori ya tasa ta gaba, aka cire mata shi a Funtua, kunci ya kumbura. Kaka ya sa babbar riga, ya ce sai ya je dubiya. Ya zaɓi mazarƙwaila mafi girma a rumbu, ya ajiye mata a gaba, ya ce, "Ki riƙa tsotsa, ɗiyata, an ce tana kawo yawu." Gwaggo ta so ta yi fushi, dariya ta ci ƙarfinta, tana yi tana riƙe da kunci. A ranar muka shirya da ita.

Ya ƙara ganin yankan rake bayan haka, ya ga wani. A na ƙarshen ne ciwon ya dawo, wannan karon a ƙirji. Likitan Zariya ya ja Baba gefe ya ce a kai shi gida a kula da shi. Ba mu gaya masa ba. Ya daina cin abinci, sai ruwa, amma kullum da safe zai buɗe mini baki.

Wata rana da hantsi mun fito da shi inuwa, iska ta kawo ƙamshin dahuwa daga fadama. Na ga hancinsa na motsi. Na tashi na tafi can, na ɗauko mazarƙwaila ɗaya da ɗuminta, na gutsuro, na zo na durƙusa na miƙa masa.

Ya dubi gutsuren, ya dube ni.

"Amarya, ke da hannunki?"

"Ni da hannuna, Kaka."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To. Ashe likitan Zariya ya gaya maku abin da bai gaya mani ba."

Kuka ya ƙwace mini. Ya ce, "Ja itace." Ya karɓa ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar yadda yake yi a bakin kasko. Gidan ya yi tsit. Baba ya biyo ni daga fadama, yana tsaye a bayan danga inda yake zaton ba a ganinsa.

Kaka ya buɗe ido. "Zaƙin dai bai dawo ba. Amma na ji yadda take narkewa." Ya ɗan ɗaga murya, fiye da yadda ake bukata don ni da ke gabansa. "Ce ma yaron nan ya iya."

Ban je na faɗa ba. Na ji dangar na motsi.

Sai ya miƙo hannu. "Kawo ruwan gishirin."

"Kaka, yau an yafe maka."

"A'a. Ba ni zuwa a leƙa bakina a ce amaryata ƙazama ce."

Na kawo, ya kuskure, ya tofar, ya buɗe mini baki na duba. Babu tabo ko ɗaya.

Washegari bayan azahar ya cika. Ƙanensa ya nemi ƙyalle, ni na yago masa daga sabon mayafina. An ɗaure wa Kaka haɓa sau ɗaya tak, kuma sai da ya gama da ita.

Allah ya jiƙan angona, ya sanyaya makwancinsa, ya mayar masa da harshensa a inda zaƙi ba ya cin haƙori. Amin.